Jakin da Ya Ƙi Ni a Woolwich

An sha fifita wani a kaina, a makaranta, a wurin aiki, har a wurin neman aure, kuma duk na haɗiye na sha ruwa. Wanda ya tsaya mini a maƙoshi shi ne wanda jaki ya yi mini a Landan. Jaki dai da ka sani, mai dogayen kunnuwa.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya ɓarke a ƙasarmu, gwamnati tana ta kwasar mu tana turowa karatu. Ni an turo ni koyon aikin safiyo, wato awon ƙasa. Muka kama flat, wato ɗakunan haya, a unguwar Woolwich, saman shagon wani mai gyaran takalma, ni da wani ɗan Kano da ke karatun lauya. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen nan da ko shayi suka zubar a riga sai ka ga ya yi musu kyau. Ubansa babban ma'aikacin gwamnati ne. An haife shi a gida mai famfo, ya girma a gida mai firiji. Dabbar da ya taɓa riƙewa da hannunsa a duniya ita ce ragon layya, shi ma sai bayan an soya.

Ni kuwa ɗan mai jakuna ne. Da jakuna ubana yake fatauci, ya ɗauki gero da kanwa daga ƙauyenmu ya yi kudu, ya dawo da goro da gishiri. Kafin in san harafi na san ɗaura wa jaki kaya. Ina gane wanda zai yi harbi tun daga yadda ya kwantar da kunne. Amma ban taɓa faɗa wa kowa wannan a Landan ba. Idan aka taru ana hira, wannan ya ce ubansa alƙali ne, wancan ya ce nasa hakimi, ni sai in ce nawa harkar sufuri yake yi. Ban yi ƙarya ba, ban dai cika gaskiyar ba.

Akwai wani dattijon likita, mutumin Zariya, da ya daɗe a ƙasar. Shi ne uban duk ɗaliban da ke wannan yanki, a falonsa muke haɗuwa ranar Juma'a. Wata rana ya ƙare mana kallo, kowa da sabuwar kwat da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, sai ya ce:

"Samari, Allah ya buɗa muku, amma na lura hannunku yana rufewa. Ba laifinku ba ne. A gida in ka ci ka rage, akwai maƙwabcin da za ka miƙa wa. A nan in ka ƙwanƙwasa wa Bature ƙofa da kwanon tuwo sai ya kira maka ɗan sanda. To kada hannu ya manta da bayarwa. Akwai wata tsohuwa a bayan garin nan da ke tara dabbobin da aka wulaƙanta, ba ta da masu taimako. Ku je ku ba ta ƙarfinku ranar Asabar. Tausayin dabba ma sadaka ne."

Mu shida muka je Asabar ɗin farko. Ta biyu muka koma huɗu, domin biyu sun ce su ba za su yini cikin karnuka suna wanke riga ba. Kafin wata ya ƙare saura ni da ɗan Kano.

Wurin yana ƙarshen layin bas, sai ka sauka ka ƙara tafiya cikin laka, bayan wasu tsofaffin ɗakunan ajiya. Karnuka a gefe guda, kuliyoyi a ɗakinsu, awaki biyu da ba sa jin magana, da wani tsohon doki da ya ƙare rayuwarsa yana jan keken masu sayen tsofaffin ƙarafa. Mai wurin gajeriyar Baturiya ce, kullum cikin takalmin ruwa da hular sanyi, taba a gefen baki. Muka sa mata Gwaggo. Da ta tambayi ma'anarsa muka ce 'yar'uwar uba ke nan, ta ce ta karɓa, domin ba ta da ɗa ko ɗaya. Daga nan ita ma take ce wa kowannenmu "ɗana".

Ranar farko ta zagaya da mu, sai muka nufi wani ɗaki can a ƙarshe. Tun kafin mu isa na ji warin, wallahi sai da na tsaya cak. Shekara biyu rabona da wannan wari. Jaki ne toka-toka, gashi ya yi masa yawa irin na ƙasar sanyi, har ya sauko ya rufe masa ƙafafu. Gwaggo ta ce da a bakin teku yake aiki, yara na hawansa. Da ya tsufa aka sayar da shi ga wani mutum da ya ajiye shi a bayan gida ya yi ta jibga, har maƙwabta suka kai ƙara. Ba ya yarda kowa ya taɓa shi, ita ma sai da lallashi.

Na ce a raina, to, yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Na tuɓe kwat, na naɗe hannun riga, na shiga kai tsaye ta wajen kafaɗarsa yadda ake yi, na kai hannu zan kama kunne. Jakin nan ya dube ni sau ɗaya, ya ja da baya, ya matse a lungu yana karkarwa.

Gwaggo ta ce, "Fito, ɗana. Kana tsorata shi."

Na fito kunya ta ishe ni. Ɗan Kano yana bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici, yana tambayar ko yana cizo.

A wajen aiki kuwa ɗan Kano bai iya komai ba. Rabin yini ya riƙe shebur hannunsa ya yi bororo. Ya tura baro ya kifar da shi a ƙofar ɗakin kuliyoyi. Gwaggo ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta ce ya je ya zauna a ɗakin jaki kawai, kada ya yi komai, ko dabbar ta saba da ganin mutum. Shi kuwa abin nema ya samu. Ya kifa bokiti ya zauna, ya buɗe littafin shari'arsa, yana karantawa da ƙarfi saboda jarrabawa ta matso. Ni ina can ina kwashe kashin doki, ina jan ruwa, ina gyara shingen da awaki suka fasa.

Asabar ta huɗu ina turo baro na leƙa ɗakin. Ɗan Kano yana zaune yana karanta hukuncin wani rikicin gado na Turawa, jakin kuma ya ɗora haɓarsa a kafaɗarsa, ya lumshe ido. Na tsaya riƙe da baron har hannuna ya gaji. Ɗan Kano ya ɗago ya gan ni, ya yi mini murmushi, ya sa yatsa a baki wai kada in yi motsi.

Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba, kuma tun a lokacin na san sunansa. Ni da na kwana cikin jakuna a daji, ni da na taɓa cire wa jaki ƙaya a kofato da haƙorina, ni ne aka juya wa baya. Mutumin da bai san ta inda jaki ke harbi ba, shi ne aka ɗora wa haɓa.

Daga nan na zama malamin gyara. Kada ka tsaya a bayansa. Kada ka ba shi sukari, haƙoransa sun tsufa. Ba haka ake shafa wuya ba. Da zai yi musu da na samu sauƙi, amma ina. Sai ya ce, "To, Malam, na gode," ya gyara yadda na ce, jakin ya ƙara manne masa. Na shiga kasuwar Woolwich na zaɓo karas mafi kyau, na wanke, na miƙa. Jakin ya kau da kai. Na ajiye a ƙasa na fita. Ɗan Kano ya ɗauka ya miƙa masa, ya karɓa yana tauna har da kaɗa kunne. Karas nawa, hannu nasa, godiya tasa. Haka muka yi ta yi makonni, ban fasa saye ba, don taurin kai a gidanmu gado ne.

Aka kai matsayin da tun muna bakin ƙofar waje jakin zai ji takun ɗan Kano ya fara kuka. Na gwada wata rana na riga shi zuwa, na shiga ni kaɗai. Shiru. Bayan rabin awa shi ya iso, sai ga kuka har karnuka suka ɗauka. Gwaggo ta yi dariya har taba ta faɗo mata, ta ciro mabuɗin ɗakin jakin ta ɗaura masa zare ta rataya wa ɗan Kano a wuya. Ta ce daga yau ya zo duk ranar da ya ga dama.

Abin bai tsaya a can ba, ya biyo mu gari. Idan muka je ofishin ɗalibai a Charing Cross sa hannu a takardu, ana zaune ana jiran layi, sai ɗan Kano ya fara labarin "jakina". Jakina ya yi kaza, jakina ya fi son dokar gado a kan dokar filaye. Kowa ya yi ta dariya, har 'yan matan da ke koyon aikin jinya suna cewa a kai su su gani. Ni ina gefe ina cizon leɓe. Shi in ya ce jaki, gayu ne. Ni in na ce jaki, asali ne.

Wata Lahadi da rana muna cin shinkafa a flat, abin ya ci ni, na ajiye cokali na ce, "Kai, bari ka ji. Sufurin da na ce ubana yana yi, da jakuna yake yi."

Ya ce, "Ai na sani, Malam. Tun ranar da ka shiga ɗakin nan na gane. Ba wanda zai shiga haka sai ɗan gida." Ya ci gaba da cin abincinsa, sannan ya ce, "Don Allah ka riƙa koya mini. Ni ban san komai a kansa ba, zama kawai nake yi."

Na so in watsa masa miyar a fuska. Shekara biyu ina dakon sirri, ashe shi bai ɗauke shi bakin komai ba.

Da bazara ta zo aka ba ɗalibai tikitin jirgi su je gida hutu, don a lokacin gwamnati ba ta jin nauyin irin wannan. Ni ina da aikin awo a fili da kwaleji ta ɗora mana, ban samu tafiya ba. Ɗan Kano zai yi mako shida a gida. Na raka shi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da akwatunansa, sai ya cire zaren mabuɗin nan daga wuyansa ya sa mini a hannu.

Ya ce, "Ga amanar mutuminmu."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida su Baba."

A raina kuwa na riga na yi rantsuwa: kafin ya dawo sai jakin nan ya yi mini kuka daga bakin ƙofa.

Na fara da dabararsa. Na kifa bokiti, na buɗe littafin awo, ina karanto lambobi da ƙarfi. Jakin ya ba ni baya ya fuskanci bango. Gaskiya ni ma ban iya zaman ba. Da na karanta layi biyu sai idona ya kai kan kofaton da ya yi tsawo, ko gashin da ya cukurkuɗe, sai in miƙe zan gyara, shi kuma ya zabura. Mako biyu ina wannan, ban matsa ko taku ɗaya ba.

Sai na ce wa kaina, kai ma dai da wauta. Jaki karatu yake so? Jaki ciyawa yake so da sarari. A bayan shingen Gwaggo akwai wani fili da ba kowa a cikinsa, ciyawa kore shar har gwiwa, ba mai yanka ba mai kiwo. A garinmu da an yi shari'a a kan irin wannan ciyawa. Jakin nan yana ganin ta ta tagar ɗakinsa kullum, ana ba shi busasshiya. Matsalar ɗaya ce, filin ba shi da shinge, ga titi a gefensa.

A wurinmu wannan ba matsala ba ce. Dabaibayi ake yi. Ka haɗa ƙafafun jaki na gaba da gajeriyar igiya, ta yadda zai iya takawa a hankali ya yi kiwo, amma ba zai iya gudu ya ɓata ba. A wurinmu wannan shi ne gata. Jakin da aka ɗaure a turke shi ne fursuna. Wanda aka yi wa dabaibayi aka saki, shi ne wanda maigidansa ya yarda da shi. Na zauna na kwance tsohon buhu na tuƙa igiya mai laushi da hannuna, yadda ubana ya koya mini, don kada ta goge masa fata. Ina tuƙawa ina jin daɗi. Na ce yau zai san wane ne mai ƙaunarsa na gaskiya.

Ranar Asabar Gwaggo ta tafi kai wani kare wurin likitan dabbobi. Na sa wa jakin igiya a wuya na ja, ya biyo ni, ba don yana so ba, don dai ya ji hannun wanda ya saba ja. Muka fita filin. Ya sunkuyar da kai ya fara cin ciyawa, ni kuma na durƙusa a gabansa. Da na tura hannu cikin gashin ƙafarsa na ji wani abu kamar zobe a ƙarƙashin fata, mai tauri. Ban tsaya tunani ba, hankalina yana kan ladan da zan samu a wurinsa. Na zagaya igiyar, na ƙulla.

Da ya ji ƙafafunsa sun haɗu, sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin jaki ya yi ba. Ya miƙe tsaye a kan na baya, ya faɗi ta gefe, ya yi ta shure-shure yana buga kai a ƙasa. Kafin in ciro wuƙa in yanke igiyar jini ya jiƙa gashin ƙafafun biyu. Wata mata a gidan da ke tsallaken titi ta buɗe taga tana ta zage-zage. Ina durƙushe da wuƙa a hannu, jaki na kwance yana huci, sai ga motar Gwaggo.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta zo ta durƙusa a cikin ciyawar, ta yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa har ya lafa. Sannan ta buɗa gashin ƙafar ta ce in duba. Tsohon tabo ne ya zagaye kowace ƙafa, yanzu ya tsage. Ta ce mutumin da ya ajiye shi a bayan gida da waya yake ɗaure masa ƙafafu, har wayar ta nutse a nama.

Ta dube ni ta ce, "Me ya yi maka, ɗana?"

Na buɗe baki zan ce a garinmu wannan alheri ne, zan ce da hannuna na tuƙa igiyar don ta yi laushi. Turancin da na ci jarrabawa da shi ya gudu ya bar ni. Ta miƙo tafin hannu. Na cire zaren daga wuyana na sa mata. Ba ta kore ni ba. Ta ce daga yau in tsaya wajen awaki da juji. Garin neman gira na rasa ido.

Da ɗan Kano ya dawo, da kilishi da yaji da saƙonnin gida, ban bari ya kwance akwati ba na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama. Na shirya wa zagi, har na tanadi abin da zan rama. Sai ya ce, "Ai da niyyar alheri ka yi. Allah ya ba shi lafiya." Ya sa ni na yi masa bayanin dabaibayi dalla-dalla, yana tambaya kamar yana kotu. Washegari ya je ya tsaya gaban Gwaggo ya zuba mata Turancin lauyoyi, ya bayyana mata yadda ake kiwo a ƙasar da ba shinge, da abin da igiyar nan take nufi a wurin mai jaki. Tsohuwa ta zo har wajen juji ta dafa kafaɗata ta ce yanzu ta fahimta. Ya kamata in gode masa, na kuwa gode da baki. Amma a ciki ina cewa, duba, har sana'ar ubana ma shi ya fi ni iya faɗin ta.

Ƙafafun suka warke. Ɗan Kano ne yake wanke su da ruwan gishiri, ni ina gaya masa yadda zai yi daga bayan ƙofa, inda jakin ba zai gan ni ba.

Da sanyi ya fara shigowa sai takarda ta zo daga council, wato hukumar gari, za a gina gidaje a filin, an ba Gwaggo ranar tashi. Ta yi ta buga waya tana raba dabbobinta. Karnuka nan, kuliyoyi can. Jakin ya samu wuri a wata gona can yammacin ƙasar, wurin wata ƙawarta mai tsofaffin jakuna. Aka sa ranar da lori zai zo, rana ta ƙarshe kafin a rufe wurin. Gwaggo ba ta ɓoye mana ba. Ta ce in bai shiga motar nan ba, ba inda za ta kai shi, sai dai likita ya zo ya yi masa allurar da ba a tashi.

Da safe ne, ana yayyafi. Direba ya sauke katakon hawa a bayan lorin. Ɗan Kano ya fito da jakin ba ko igiya, yana tafe jakin yana bin sa a baya. Suka zo daidai gindin katakon, jakin ya dasa ƙafafu huɗu ya tsaya. Ɗan Kano ya hau ya miƙo karas. Jakin bai motsa ba. Ɗan Kano ya sauko ya shafa shi, ya yi masa magana a kunne, ya sake hawa. Ya zauna a cikin lorin ya karanto masa abin da ya haddace. Jakin yana kallonsa, yana miƙa wuya, amma ƙafa ko ɗaya bai ɗaga ba. Direba ya gwada turawa, ya sha harbi a cinya, ya koma gefe yana duba agogo. Ya ce shi hanya ce mai nisa a gabansa, ba zai wuce sha biyu ba.

Ni ina jingine da shingen awaki, na harɗe hannu. Allah ya yafe mini, daɗi nake ji. Awa biyu ina kallon ɗan Kano yana kasawa, ruwa na zuba a kansa, ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan safiya ba. Na san ran dabbar ne ke cikin haɗari, amma ban motsa ba. Jira nake a roƙe ni.

Gwaggo ce ta tako ta zo. Ta ce, "Ɗana, ka san yadda ake yi?"

Na ce, "Na sani. Amma ba zai yi miki daɗin gani ba."

Ta ce, "Zai ji ciwo?"

Na ce, "Ba zai zubar da jini ba."

Ɗan Kano ya sauko daga lorin, rigarsa ta manne a jiki. Ya ce, "Malam, don Allah."

Jaki ba ya son taka abin da ke amsa kuwwa a ƙarƙashinsa. Fatake sun san wannan, domin duk gadar itacen da ke kan hanya sai an yi wannan rigima. Na tuɓe kwat ɗina na jefa wa jakin a ka, na ɗaure hannayen kwat ɗin a ƙarƙashin haɓa kafin ya ankara. Na zagaya bayansa na manne da cinyarsa sosai, inda harbi ba ya samun mutum. Na kama gindin wutsiya na murɗe sama, na sa kafaɗa, sannan na daka masa tsawar da ubana ke yi a bakin gada, wadda daga ciki take fitowa ba daga baki ba. Ni kaina ban san tana nan a jikina ba. Jakin ya zabura, kofatansa suka buga katako, kafin a ƙirga goma yana ciki.

Direba ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, ya tambayi inda na koya. Na bar shi nan tsaye. Na hau in ɗauko kwat ɗina. Da na kwance ta daga kansa na same shi ya manne da bangon motar, jikinsa duk yana rawa, ya saki fitsari. Muka haɗa ido, ga ni ga shi, ba wanda ke tsakaninmu. Na ɗaga hannu a hankali, ban san me nake so in yi ba, wataƙila in shafa shi sau ɗaya. Ya runtse ido ya sunkuyar da kai yana jiran duka. Da ya ji bai sauka ba, sai ya miƙa wuya ta gefena yana neman ɗan Kano, ya fara kuka.

Aka ɗaga katako aka rufe. Muna jin kukan har lorin ya sha kwana. Gwaggo ta kama hannuna da nata biyu ta ce na ceci ransa, ta maimaita har sau uku. Ɗan Kano yana tsaye a inda yake, karas ɗin yana hannunsa, hawaye na bin ruwan saman da ke fuskarsa.

A bas mai hawa biyu muka hau sama muka zauna, dukanmu a jiƙe. Muka wuce tasha biyu. Sannan ɗan Kano ya ce, "Na gode, Malam. Da ni kaɗai ne, da yanzu sun kashe shi. Kai ka iya, ni na kasa."

Wannan maganar na yi wata da watanni ina jiran in ji daga bakinsa. Ga ta ta zo, ban ji komai ba sai warin jakin a kwat ɗina.

Na ce, "Da za a ba ni zaɓi, da na zaɓi in zama wanda ya kasa."

Ya juyo ya dube ni, na kau da kai wajen taga don kada ya ga idona.